Karatu da Ciwo Mai Daɗewa: Tazarar da Ke Tsakanin Takardar Likita da Majinyaci

Ta fuskar jinya, ciwo iri biyu ne. Akwai mai zuwa ya wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro wanda maganin kwana uku kan kore shi. Akwai kuma mai zama da mutum shekara da shekaru, irin su hawan jini da ciwon sukari da amosanin jini da farfaɗiya. Mai irin wannan lalura yakan ga likita na 'yan mintuna ne a wata. Sauran kwanakin kuwa shi ne mai jinyar kansa. Shi zai tuna ƙwayar safe da ta dare, shi zai kiyaye ranar komawa asibiti, shi zai gane alamar haɗari. Kusan dukkan waɗannan umarni a rubuce suke zuwa, shi ya sa muke kallon iya karatu a matsayin wani ɓangare na magani.

Bincike ya tabbatar da wannan alaƙa. A shekarar 2002, likita Dean Schillinger da abokan aikinsa sun nazarci masu ciwon sukari 408 a birnin San Faransisko na Amurka. Sun gano cewa waɗanda ba sa iya fahimtar rubutun asibiti sun fi kasa daidaita sukarinsu, kuma lalacewar ido ta kusan ninkawa a cikinsu. A 2007, David Baker da tawagarsa sun fitar da sakamakon bibiyar tsofaffi 3,260, inda haɗarin mutuwa ya ƙaru da kimanin rabi ga masu raunin karatu, ko bayan an yi la'akari da shekarunsu da samunsu da halin lafiyarsu. Wannan fa a ƙasar da yawancin majinyata ke jin harshen da aka rubuta takardar da shi ke nan.

A Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, tazarar ta fi haka faɗi. Majinyacin da ya dawo daga babban asibitin Baure ko na Daura yakan riƙo takarda da Turanci, cike da taƙaitattun alamomin da ma'aikatan lafiya kaɗai suka sani. Da yake garin yana dab da iyakar Nijar ta ɓangaren Magarya, ba abin mamaki ba ne a ci karo da kwalin magani mai bayani da Faransanci. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Hawan jini ba ya yawan nuna alama, don haka wanda bai fahimci cewa maganinsa na kullum ne ba yakan ajiye shi da zarar kai ya daina ciwo, har sai shanyewar ɓarin jiki ta riske shi. Mai ciwon sukari da ya sha wasu ƙwayoyin ba tare da ya ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai tarin fuka, wato tibi, da ya yanke magani kafin wata shida yana iya haifar wa kansa nau'in da ba ya jin magani. Wanda bai iya duba ranar ƙarewar wa'adi ko lambar hukumar NAFDAC ba kuwa, ya zama abin farautar masu sayar da jabu.

Sai dai kuskure ne a kira mutanenmu jahilai. Da yawa daga dattawan da ba su san boko ba sun yi makarantar allo, suna karanta ajami sarai. Matsalar ita ce asibiti na rubutu da haruffan da ba su ne majinyaci ya koya ba. Ƙasar nan ta taɓa ɗaukar koyar da manya da muhimmanci: an yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa cikin shekarun 1950, Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, gwamnatin tarayya kuma ta kafa tata a 1990. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan gado da ɗakin ba da magani.

Hanyoyin ba su da tsada. A rubuta umarni da Hausa, boko da ajami, a jikin ambulan ɗin magani. A zana rana da wata ga wanda bai iya ko ɗaya ba. Mai ba da magani ya nemi majinyaci ya maimaita abin da aka faɗa masa da bakinsa, domin girmamawa da kunya kan sa dattijo ya ce «to» alhali bai gane ba. A sanya ɗan makaranta guda a kowane gida ya zama mai karanta wa kakarsa takarda. Azuzuwan manya, musamman na mata waɗanda jinyar gida ke wuyansu, su riƙa koyar da karatu da ainihin kwalin magani da katin asibiti.

Duk mai saya wa mabuƙaci magani, daga aljihunsa ne ko daga dukiyar da aka ba shi amana, yana so ya ga ta yi amfani. Maganin wata guda da aka sha ba bisa ƙa'ida ba asarar kuɗi ce da ta lafiya. Saboda haka muke ganin cewa taimakon majinyaci bai cika ba sai an tabbatar ya fahimci abin da aka damƙa masa.