Ƙura, shiru da warin albarushi: abin da ƴan sama jannati suka tarar a kan wata

Duk sa'ad da azumi ya ƙarato aka fara duban wata, tsohuwar gardama takan taso a fadodin samarin Tasawa da Mayahi: da gaske ɗan Adam ya taka watan nan, ko kuwa sinima ce Amurkawa suka shirya? Hotunan bidiyo da ke yawo a WhatsApp sun ƙara rura wutar. Amma mutum 12 ne suka sauka a can tsakanin 1969 da 1972, sun dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382, kuma labarin da suka bayar ya cancanci a saurare shi.

Ƙasar Hausa ma tana da hannu a farkon wannan tafiya. Hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, kimanin kilomita 200 a miƙe daga Tasawa. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya ratsa samaniyar yankin, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura tana tashi a kan hamada, har ƙasa ba ta ganuwa sosai. Manomin Mayahi ba ya bukatar a fassara masa: hazon hunturu ne.

Bayan shekara 7, kumbon Apollo 11 ya yi tafiyar kilomita kusan 384.000 cikin kwana uku da ƴan kai. Neil Armstrong ya sa ƙafa a kan wata ranar 21 ga Yuli 1969, wajen ƙarfe 4 saura na asuba agogon Nijar, ana tsakiyar damina. Buzz Aldrin da ya biyo shi ya kwatanta wurin da kufai mai ban sha'awa. Babu ciyawa, babu iska, babu ƙara. Rana tana haskawa, amma sama baƙa ƙirin. Na ukunsu, Michael Collins, bai sauka ba. Yana ta kewaya watan shi kaɗai, kuma duk ya zagaya bayansa sai rediyo ta yanke na kusan minti 48.

Nauyi ne abu na farko da ya ba su mamaki. Jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya, wato buhun hatsi mai kilo 100 zai ji a kafaɗa kamar kilo 17. Shi ya sa ake ganinsu suna tsalle-tsalle kamar ƴan awaki. Ido ma yakan yaudare su, tun da babu icce ko gida da za a auna nisa da shi. A 1971, Alan Shepard da Edgar Mitchell na Apollo 14 sun sha wahalar hawa wani tudu suna neman bakin wani rami, suka juyo a gajiye, ashe saura ƴan mitoci kaɗan su kai.

Sai dai abin da ya fi damunsu ƙura ce. Yashin Gulbin Kaba ruwa da iska sun daɗe suna gogarsa har ya yi sumul. Ƙurar wata ba ta taɓa ganin ruwa ko iska ba, don haka kowace ƙwaya tana da kaifi kamar fasasshen kwalba. Ta manne wa tufafinsu, ta kankare gilashin hulunansu, ta cushe mahaɗar safar hannu. Da suka koma cikin kumbo suka cire hula, sai suka ji tana wari irin na albarushin da ya ƙone, kamar bayan maharbi ya saki bindiga. Harrison Schmitt, masanin duwatsu na Apollo 17, har atishawa da toshewar hanci ta sa shi. Wannan ƙura tana cikin manyan matsalolin da shirin Artemis na komawa wata yake neman magani.

Masu shakka suna da abin dubawa. Ƴan sama jannatin sun bar madubai a can, kuma har yau masana a kusa da garin Grasse na Faransa suna harba musu hasken leza yana dawowa. Wani kumbon NASA mai kewaya wata ya ɗauko hotunan wuraren saukar a 2011, ana ganin sawun da suka bari.

Akwai kuma labarin da ya daɗe a bakin jama'a, wai Armstrong ya ji kiran salla a kan wata, ya musulunta. Shi da kansa ya musanta, kuma a 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta da sanarwar hakan. Sauti ma ba ya tafiya inda babu iska. Wanda ya tabbata ya yi aiki a shirin shi ne Faruk El-Baz, masanin duwatsu ɗan ƙasar Masar, wanda ya taimaka wajen zaɓen wuraren sauka, ya kuma koya wa matuƙan Apollo yadda za su karanta fuskar wata daga sama.