Tashar Rarraba Wutar Lantarki

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega, in ya iso Tambuwal zai ga turaku a jere, da wayoyi a bisansu. A wani wuri kuma sai ya ga wani babban akwatin ƙarfe an kewaye shi da shinge, yana ta ƙugi kamar taron ƙudan zuma. Sunan wannan akwati taransifoma. Wurin da aka tara irinsa manya, tare da makunnansu, shi ne tashar rarraba wuta.

Ba a cikin tashar ake yin wuta ba, baƙuwa ce daga nesa. A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. Can ruwa ke juya waɗansu manyan injuna, su kuwa su haifar da lantarki. Daga Kainji wutar kan bi waya, tafiyar kilomita wajen 300, har Birnin Kebbi. Kada a rikita Birnin Kebbi da garin Kebbe. Shi Kebbe yana kudu da Tambuwal, cikin Jihar Sakkwato.

To, wuta tana da wani hali. In ta yi doguwar tafiya ba da ƙarfi ba, sai waya ta ɗauki zafi, wuta mai yawa ta salwanta a hanya. Saboda haka tun daga Kainji akan ɗaga ƙarfinta ƙwarai. Ma'aunin wannan ƙarfi ana ce da shi bolt, kuma wutar da ke tahowa Birnin Kebbi bolt 330,000 ce. Amma ƙwan lantarki na ɗaki bolt 230 kaɗai yake bukata. Da za a sakar masa waccan, ai ba ƙwan kaɗai ba, har gidan ma sai ya zama toka.

Nan ne aikin tasha ya fito. Abin ya yi kama da cinikin hatsi. Mota kan kawo gero buhu-buhu, amma uwar gida ba ta ɗora buhu a kan murhu, sai an auna mata mudu. Babbar tashar Birnin Kebbi takan rage wutar zuwa bolt 132,000, ta tura wata Sakkwato. Ana sāke rage ta zuwa 33,000, watau irin wadda ke bin turaku zuwa garuruwa kamar su Tambuwal da Kebbe. A waɗansu manyan garuruwa akan ƙara mai da ita 11,000. Daga ƙarshe taransifomar unguwa ta auna wa kowane gida mudunsa.

Cikin taransifoma babu abin da ke juyawa. Naɗi biyu ne na wayar tagulla a jikin ƙarfe guda, ɗaya mai yawa, ɗaya kaɗan. Wuta ta shiga ta mai yawan da ƙarfi, ta fita ta ɗayan a rage. An tsoma su duka cikin wani irin mai domin kada su yi zafi su ƙone.

Tasha kuma mai gadi ce. In hadarin damina ya kā da turke, waya ta faɗi ƙasa, nan da nan makunnin tasha zai yanke wutar wannan layi, don kada ta halaka mutum ko dabba. Sauran layuka su ci gaba da samun tasu.

Abin baƙin ciki, akwai ɓarayi masu zuƙe man nan da dare, ko su sace wayar tagulla. Taransifomar da ta rasa mai ba ta daɗewa sai ta ƙone. Sa'an nan injin niƙa ya tsaya, mata su koma ga turmi, firjin da ke ajiye allurar rigakafi a asibiti ya huce. Su ma ɓarayin sukan gamu da ajalinsu a wurin, gama wuta mai ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, takan yi tsalle ta kama wanda ya matso kusa. Dalilin da ya sa ake yi mata shinge ke nan, a manna jan allo mai hoton walƙiya, yadda ko yaron da bai fara karatu ba zai gane.