Kwana Bakwai A Tsaunukan Chiapas: Yadda Ƙauyukan Maya Ke Neman Rabonsu A Cinikin Yawon Buɗe Ido

A can kudancin ƙasar Meksiko, daf da kan iyakarta da Gwatamala, akwai wata jiha mai suna Chiapas wadda Allah Ya hore wa tsaunuka da kurmi da manyan koguna. Ƙidayar da aka yi a 2020 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 5 da rabi, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna magana da harsunan 'yan asalin ƙasa, galibi na dangin Maya, irin su Tzeltal da Tzotzil da Chol. Ita ce kan gaba wajen noman gahawa a Meksiko, madatsun ruwanta kuma suna ba ƙasar wutar lantarki mai yawa. Duk da haka ita ce ta fi kowace jiha talauci, domin ƙiyasin hukuma na 2022 ya nuna wajen mutum biyu cikin uku na jihar matalauta ne.

Cikin hajojin da wannan jiha ke sayar wa duniya akwai wata tafiya ta mako guda a mota, tare da ɗan jagora, wadda ke ratsa tsaunuka da ƙauyuka har ta gangara cikin kurmi. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye kan haɗa mota da masauki da jagora da kuɗin shiga wurare, su sayar a farashi ɗaya. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba a nan shi ne inda kuɗin baƙo ke sauka a kowane zango, da kuma abin da ke iya tsayar da cinikin baki ɗaya.

Daga kwari zuwa kan tudu

Yawanci tafiyar kan fara ne daga Tuxtla Gutierrez, babban birnin jihar, inda filin jirgin sama yake. A rana ta farko akan kai baƙi garin Chiapa de Corzo, su shiga ƙananan jiragen ruwa masu inji, su bi kogin Grijalva ta cikin kwazazzabon Sumidero, wanda bangayensa ke kaiwa tsayin mita 1,000 a wasu wurare. Wannan sana'a ta jigilar baƙi ta bunƙasa ne bayan da aka gama madatsar ruwa ta Chicoasen a 1980, wadda ta tare kogin ya kwanta har jirage suka iya bi lami lafiya. Galibin jiragen na ƙungiyoyin gama kai ne na mutanen wurin.

Daga nan sai mota ta hau tudu, tafiyar kamar sa'a guda, zuwa San Cristobal de las Casas, garin da Turawan Sifen suka kafa a 1528, wanda ke kan tsayin mita kusan 2,200 daga teku. Wanda ya baro zafin Tuxtla da rana zai nemi bargo da dare. Wannan gari shi ne cibiyar cinikin: nan otal-otal suke, nan gidajen abinci da ofisoshin kamfanonin tafiye-tafiye suke. Baƙo kan kwana biyu ko uku a nan, ya riƙa fita ƙauyuka da safe yana dawowa da yamma. Ma'anar wannan kuwa ita ce kuɗin kwana da na abinci, waɗanda su ne kaso mafi tsoka, a birni suke tsayawa.

Ƙauyukan Tzotzil

A rana ta uku akan ziyarci San Juan Chamula da Zinacantan, garuruwa biyu na 'yan ƙabilar Tzotzil, kowanne bai wuce tafiyar kilomita goma ko sha biyu daga San Cristobal ba. Mutanen Chamula suna da shugabannin gargajiya masu ƙarfi, kuma su ke gindaya wa baƙo sharuɗɗa. Sai an biya kuɗi kafin a shiga majami'ar garin, inda babu kujeru, sai ganye da aka shimfiɗa a ƙasa da ɗaruruwan kyandirori, ana haɗa ibadar Katolika da al'adun kakanni. An haramta ɗaukar hoto a ciki, kuma ba a wasa da wannan doka. Babban aikin jagora a nan shi ne ya tabbatar baƙinsa ba su keta haddi ba, domin kuskuren mutum ɗaya yana iya rufe wa kamfani ƙofa.

A Zinacantan kuwa, inda noman furanni ya zama babbar sana'a, akan kai baƙi gidajen masaƙa mata. Suna saƙa ne da masaƙar hannu wadda ake ɗaure gefe guda a jikin ginshiƙi, ɗaya gefen kuma a ƙugun mai saƙa. Riga ɗaya mai cikakken ado tana iya cin makonni ko watanni. Matsalar masaƙan ita ce a kasuwannin San Cristobal akwai kayan inji masu kama da nasu, ana sayar da su da araha, baƙo kuwa ba kasafai yake bambancewa ba. Saboda haka tun cikin shekarun 1970 masaƙa suka kafa ƙungiyar Sna Jolobil domin su tsare ingancin aikinsu, su kuma yanke farashi da kansu. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya San Cristobal cikin biranen da suka shahara da sana'o'in hannu, sa'an nan a 2022 Meksiko ta kafa dokar da ta hana a kwaikwayi zane-zanen gargajiya na al'umma don kasuwanci ba tare da izininsu ba.

Da yawa daga cikin masu talla a titunan San Cristobal zuriyar mutanen da aka kora ne daga Chamula tun daga shekarun 1970, bayan sun bar addinin garin sun shiga wasu ɗariƙun Kirista. Sun zauna a unguwannin bayan gari, ba gona ba fili, sai suka rungumi saye da sayarwa. Daga cikinsu ne wasu 'yan ɗaruruwa suka karɓi Musulunci tun tsakiyar shekarun 1990.

Abin da ya kai manomi bakin hanya

Ba a banza ƙauyawa suka juya ga baƙi ba. Gahawa ce ta kasance abin dogaron ƙananan manoman tsaunuka. A 1989 tsarin kason da ƙasashe masu noman gahawa da masu saye suka yi yarjejeniya a kai ya rushe, farashi ya faɗi da kusan rabi. A daidai lokacin ne gwamnatin Meksiko ta fara janye hukumar da ke sayen gahawa a hannun manoma tana ba su rance, kamar dai yadda aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a Nijeriya a 1986. A 1992 kuma aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya kawo ƙarshen raba wa talakawa filayen noma.

Ranar 1 ga Janairu 1994, wato ranar da yarjejeniyar ciniki tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada ta fara aiki, 'yan tawayen Zapatista, waɗanda galibinsu manoma ne 'yan ƙabilun Maya, suka mamaye San Cristobal da Ocosingo da wasu garuruwa. An tsagaita wuta bayan kwana goma sha biyu, aka kuma sa hannu a kan yarjejeniyar San Andres a 1996. Da farko baƙi sun ƙaurace, amma daga baya tawayen ya sa sunan Chiapas ya zaga duniya, 'yan jarida da ɗalibai da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka yi ta zuwa. Mata masu sana'ar hannu, da ba su barin dama ta wuce, suka shiga ɗinka 'yan tsana masu rufaffiyar fuska irin ta mayaƙan, suna sayarwa.

Hanyar Palenque

Rana ta huɗu ita ce mafi wuya. Tsakanin San Cristobal da Palenque bai fi kilomita 220 ba, amma mota kan yi sa'a biyar ko fiye, saboda kwane-kwane da ɗimbin tudun rage gudu da ƙauyuka suka yi a kan kwalta. Wani lokaci akan tarar an ja igiya an tare hanya, ko don neman a sayi ayaba da gyaɗa, ko don wata ƙorafi da ake da ita a kan gwamnati. Direbobi ba sa son bin ta da dare, kuma idan an rufe ta akan zagaya ta jihar Tabasco, abin da ke ƙara sa'o'i da man fetur.

A kan hanya akan tsaya a magangarar ruwa ta Agua Azul da ta Misol-Ha. Filayen da ke kewaye da su mallakar al'umma ne a dunƙule, don haka su ke karɓar kuɗin shiga, su ke da rumfunan abinci. Sai dai kuɗin ƙofa ya sha haddasa rigima tsakanin ƙungiyoyin manoma a kan wanda ya cancanci karɓa. A ƙarshen 2017 kuma, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasa, ruwan Agua Azul ya kauce wa hanyarsa, har sai da mutanen wurin suka fito da shebur da diga suka mai da shi, domin sun san ba ruwa, ba baƙo.

Rana ta biyar ta kufan Palenque ce, tsohon birnin Maya da ke bakin kurmi, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1987. A nan ne a 1952 masanin tarihi Alberto Ruz ya gano kabarin Sarki Pakal, wanda ya yi mulki daga shekara ta 615 zuwa 683. Wurin yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta tarayya, saboda haka kuɗin ƙofa gwamnati ke karɓa. Mutanen yankin sai dai aikin jagora da talla.

Cikin kurmin Lacandon

Kwanaki biyun ƙarshe su ne inda 'yan ƙasa suka fi riƙe ragama. A Frontera Corozal, garin 'yan ƙabilar Chol da ke gaɓar kogin Usumacinta, wanda ya raba Meksiko da Gwatamala, ƙungiyoyin masu kwale-kwale ke kai baƙi kufan Yaxchilan, inda babu hanyar mota. A Bonampak, wanda zane-zanen bangonsa suka fito idon duniya a 1946, motocin 'yan ƙabilar Lacandon ne ke ɗaukar baƙi a zangon ƙarshe. Da dare akan kwana a ƙauyen Lacanja Chansayab, a ɗakunan katako na iyalan Lacandon, su dafa abinci, su kuma yi jagora cikin daji da safe. A nan kuɗin kwana da na ci da na sufuri a ƙauye suke zama.

Wannan dama tana da tarihi. A 1972 gwamnati ta mallaka wa magidanta 66 na Lacandon fili mai faɗin hekta sama da 600,000, aka bar dubban manoman Tzeltal da Chol da ke zaune a ciki babu takarda. A 1978 aka keɓe wani yanki mai suna Montes Azules a matsayin gandun daji. Tun daga lokacin rikicin fili bai kwanta ba tsakanin masu cin abinci da tsayayyen daji da masu bukatar sare shi su shuka masara ko su yi kiwo.

Jarin da ya fi mota da otal

Gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi mai yawa a yankin. Layin dogo na Tren Maya, mai tsawon kilomita wajen 1,500, ya fara aiki a Disamba 2023, kuma Palenque na ɗaya daga cikin tashoshinsa na ƙarshe, abin da ya haɗa ta da Cancun, inda miliyoyin baƙi ke sauka. Amma a cikin watannin nan ne, daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, ƙungiyoyin masu fataucin ƙwaya da ke gasar mallakar hanyoyin kan iyaka suka kafa shingaye a yankin, kamfanoni da dama suka dakatar da zuwa Yaxchilan da Bonampak, hukuma ma ta amsa cewa ba a iya kaiwa Yaxchilan. Mai kamfani a birni ya sauya wa baƙinsa hanya, ya ci gaba da ciniki. Mai kwale-kwale da mai ɗakin kwana a ƙauye kuwa ba su da inda za su kai jarinsu.

Tafiyar mako guda a Chiapas ta nuna abubuwa uku ga duk mai sha'awar wannan sana'a. Na farko, riba tana bin inda baƙo ya kwana, ba inda ya ɗauki hoto ba. Na biyu, al'ummar da ta haɗa kai ta riƙe wata ƙofa da ba a iya kauce mata, ko jirgin ruwa ko hanya ko izinin shiga, ita ke da bakin magana wajen yanke farashi. Na uku, kamfanin da ba ya zaman lafiya da masu ƙasa ba shi da abin sayarwa, domin duk abin da ya rubuta a takardar talla, a gonar wani yake.