Me Ya Sa Kifi Ke Taruwa Ƙarƙashin Gada? Yinin Fatsa a Busselton

A ƙasar Ostireliya watannin Disamba da Janairu su ne tsakiyar lokacin zafi, kuma a cikinsu ne makarantu ke yin dogon hutu. Idan lokacin ya zo, iyalai da yawa sukan ɗaura wa motarsu wani ɗaki mai ƙafafu, wanda suke kira karaban, su nufi bakin teku. Wannan ɗaki na tafi-da-gidanka yana da gadaje da murhu da ɗan firji, kuma garuruwan gaɓar teku sun tanadi filaye musamman inda ake biyan kuɗi a kafa shi, a sami ruwa da lantarki. Daga cikin abubuwan da iyali ba su cika barin hutu ya wuce ba su yi ba akwai yinin fatsa a kan jeti, wato gadar da ake ginawa daga tudu ta miƙe cikin teku ta tsaya, don jiragen ruwa su riƙa ɗaukar kaya a ƙarshenta.

Mai karatu zai iya tambaya, teku da faɗinta, don me mutane za su cunkushe a kan 'yar siririyar gada ɗaya? Amsar ita ce kifin ma can yake cunkushewa, kuma dalilan da suka sa haka darasi ne sosai a ilmin halittu.

Bari mu ɗauki jetin garin Busselton, kimanin kilomita 220 kudu da birnin Perth, a Jihar Ostireliya ta Yamma. An gina kashinsa na farko a shekarar 1865. Saboda ruwan gaɓar ba shi da zurfi, sai aka yi ta ƙara masa tsawo har ya kai mita 1,841, wato tafiyar kusan rabin sa'a ga mai tafiya da yara. An daina amfani da shi a matsayin tashar jiragen ruwa a 1972, guguwar da aka yi wa laƙabi da Alby ta karya wani ɓangarensa a 1978, gobara kuma ta cinye wani a 1999. Mutanen garin suka dage sai da aka gyara shi. A shekarar 2003 aka buɗe wani ɗakin kallo kusa da ƙarshensa, inda ake sauka mita 8 cikin ruwa a leƙa ta tagogi, kuma an ƙidaya halittun ruwa fiye da iri 300 a wannan wuri.

Ƙasan tekun da ke kewaye da jetin yawancinsa rairayi ne da ciyawar ruwa. To, akwai halittu masu tarin yawa, irin su soson teku da murjani mai taushi da dangin katantanwa, waɗanda ba sa iya rayuwa sai sun sami abu mai tauri sun manne. 'Ya'yansu ƙanana ne ƙwarai, ruwa ke yawo da su, kuma mafi yawansu mutuwa suke yi ba su sami masauki ba. Turakun da ke riƙe da jeti su ne masaukin. A kan dutsen da rana ke haskawa gansakuka ce ke rigan kowa mamaye wuri, domin ita da haske take haɗa abincinta. Amma a ƙarƙashin katakon jeti akwai inuwa, gansakuka ba ta samun ƙarfi, sai fili ya zama na waɗancan dabbobi da ke tace abincinsu daga ruwa. Su kuma sai su zama maɓoyar tsutsotsi da ƙananan jatan lande, waɗanda ƙananan kifaye ke ci, manya kuma su biyo ƙananan. Ashe ke nan mai fatsa da ke zaune a sama, a kan ƙololuwar wata doguwar sarƙar abinci yake zaune.

Inuwar tana da wani amfani na biyu wanda ya fi burge ni. Wani masanin halayyar kifi ɗan Amurka, Gene Helfman, ya nuna a 1981 cewa kifin da ke laɓe a inuwa yana hango wanda ke cikin haske tun daga nesa, kafin wancan ya gan shi. Duk wanda ya taɓa zama a cikin zaure da tsakar rana ya san wannan: kana ganin mai wucewa sarai, shi kuwa in ya leƙo duhu kawai yake gani. Ƙaramin kifi yana amfani da haka don ya tsere wa mai farautarsa, babban kuma don ya yi kwanton ɓauna. Wannan ne dalilin da ya sa yaron da ya saki ƙugiyarsa a gindin turke sau da yawa yake rigan mahaifinsa da ya wurga tasa can nesa samun kamu.

Akwai kuma wani rafi mai ɗumi da ke gudana a cikin tekun kanta, ana kiransa Leeuwin, wanda yake gangarowa daga arewa mai zafi zuwa kudu, ya fi ƙarfi a lokacin sanyinsu. Shi ke kawo halittun ƙasashen zafi wurin da da ba don shi ba sanyi zai hana su zama. Cikowar teku da janyewarta kuwa, waɗanda jan wata da na rana ke haddasawa, ba su da yawa a wannan yanki: bambancin bai cika kai mita 1 ba, alhali a garin Derby da ke arewacin jihar yakan wuce mita 10. Saboda haka masu fatsa a Busselton sun fi lura da fitowar rana da faɗuwarta, lokacin da kifaye da yawa ke fitowa kiwo.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ganin uba ya ciro ƙaguwa daga raga, ya auna ta da wani ɗan ma'auni, sa'an nan ya mayar da ita ruwa yara suna kallo. Dokar jihar ce ta ce shuɗiyar ƙaguwar da ake kamawa a can sai faɗin bayanta ya kai milimita 127 kafin a tafi da ita, kuma macen da ke ɗauke da ƙwai a cikinta dole a sake ta komai girmanta. Hikimar ita ce a bar kowace dabba ta girma ta hayayyafa ko da sau ɗaya ne kafin ta shiga tukunya. Ƙarshen jetin ma, inda ɗakin kallon yake, an hana kamun kifi a wurin gaba ɗaya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin a Argungu ma al'ada ta hana su a Matan Fada sai ranar biki, kuma wannan hutun da ake ba ruwan yana cikin abin da ke sa a ciro manyan giwan ruwa a ranar. Malaman da ke koyar da darasin kiyaye muhalli za su iya haɗa misalan nan biyu a aji ɗaya.

Ba duk abin da ya kama ƙugiya ake murna da shi ba. Akwai wani ɗan kifi mai kumbura ciki, ɗan'uwan talibamban ɗin da masuntanmu suka sani a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, wanda ke yawan sace abin da aka saƙala a ƙugiya. Jikinsa yana da guba mai suna tetrodotoksin, wadda ke toshe hanyar da jijiyoyi ke aika saƙo, har numfashi ya tsaya, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Shi ya sa ake gargaɗin mutane su mayar da shi ruwa, kada su yar a kan gada, don karnuka sukan ci su mutu.

Idan magariba ta yi, aka kunna fitilun jeti, sai hankali ya koma kan sukwid, wata dabba mai taushin jiki da hannaye goma, wadda dangin katantanwa ce ko da yake ba ta yi kama da ita ba. Hasken fitila yana tara ƙananan halittu, su tara ƙananan kifaye, ita kuma ta laɓe a gefen hasken tana jira. Ana kama ta da jatan lande na roba mai ƙayoyi a wutsiya. Tana da zuciya uku, jininta shuɗi ne saboda sinadarin tagulla ne ke ɗaukar iskar shaƙa a cikinsa maimakon ƙarfen da ke cikin namu, tana sauya launin fatarta cikin ƙiftawar ido, kuma duk rayuwarta ba ta cika wuce shekara 1 ba. In an ciro ta takan fesa baƙin tawadar da take ruɗa maƙiyanta da ita, don haka gwanaye sukan bar ta ta gama fesawa a ruwa kafin su ɗago ta. Waɗanda ba su sani ba kuwa, tabon da ke kan katakon jetin da kan rigunan yara ya isa shaida.