Tseren Keken Nakasassu: Ƙarfin Yana Kasuwanninmu, Kayan Aiki Ne Babu

Duk wanda ke cin kasuwar Ƙonni da Illela, ko ta Jibiya da Maraɗi, ya saba ganin 'yan'uwanmu da shan inna ta nakasa bisa keken guragu, suna murza shi da hannu, an laɓta masa kaya. Mukan ba su hanya mu wuce. Kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa wannan murzawar wasa ce da ake cin lambar zinare da ita a duniya.

An shigar da tseren keke cikin wasannin nakasassu na duniya, wato Paralympics, a 1984. Keken hannu kuwa sai a 2004 ya samu shiga, a birnin Atina na ƙasar Girka. Tun 2007 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ke kula da wasan. Ana raba 'yan tsere gwargwadon nakasarsu: masu keken hannu, masu keke mai ƙafa uku, masu keken da aka saba, sai makafi, waɗanda ke hawa keke mai mazauni biyu, mai ido yana gaba riƙe da kan keken.

Afirka ma ta taɓuka. A 2016, a birnin Riyo na Brazil, Ernst van Dyk na Afirka ta Kudu ya ci zinare a keken hannu. Wanda ya bi masa shi ne Alex Zanardi, ɗan Italiya, direban tseren mota da ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗari a Jamus a 2001. Nan kusa da mu, Alem Mumuni na Gana, wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro, ya yi tsere a Landan a 2012, Burkina Faso kuma ta tura masu keken hannu biyu.

To, ina gizo ke saƙar? Keken kasuwa na ƙarfe ne mai nauyi, aikin mai walda. Na tsere kuwa shafal yake, da giya da yawa, galibi mai shi yana kishingiɗe ƙasa-ƙasa don kada iska ta tare shi. Daga waje ake sayo shi da tsada, ga kuɗin mai horarwa da na tafiya.

A 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu. Mu 'yan kasuwa mukan zuba kuɗi a kokawa da ƙwallo. Me zai hana ƙungiyoyinmu su sa gasar keken guragu ko sau ɗaya a shekara, da kyauta mai tsoka da masu walda a gefe? Daga nan ne za a gane gwanaye.

Allah Ya ba mu ikon yi.