Wankin Kayan Inji A Gida: A Yi Hattara Da Fetur

A cikin shekarar 1930 ne layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru, ya ratsa ta Malam Madori a ƙasar Haɗejiya. A wancan zamani in an ce inji a garin, to, kan jirgin da ke zuwa kwasar gyaɗa a ke nufi, gyaransa kuwa sai ma'aikatan reluwe. Yanzu zamani ya sake. Malamin makaranta yana da babur, akawu yana da 'yar mota ko janareto. Kuma tun da aka datse ruwa a Tiga cikin 1974, da Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya ta ragu, masu noman rani da yawa suka koma ga ƙananan injunan ban ruwa. Kowane inji kuwa da ranar da zai ɓaci, ga shi ba kullum ne aljihu ke iya kai mutum gareji ba. Sabo da haka mutane da dama sun koyi kwance kayansu a zaure ko a tsakar gida, su yi gyara da kansu.

Wannan abin yabo ne. Amma a cikin rangadinmu na makarantu mun lura da wata ɗabi'a da ta ba mu tsoro, watau wanke kayan inji da fetur. Mun taɓa iske wani malami ya tsiyayo fetur daga tankin babur ɗinsa cikin kwano yana wanke sarƙa, ga uwargida tana hura murhu, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Wanki kam dole ne. Ƙurar hunturu da rairayin ƙasar nan in sun gauraya da baƙin mai sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin ƙarfe a hankali. Wanda bai wanke ƙarfe ba kuwa ba zai ga inda ya tsage ko ya cinye ba. Abin tambaya shi ne, da me za a wanke, kuma a cikin me?

A manyan gareji akwai wani kwatarniyar ƙarfe mai murfi da a ke wannan aiki da ita. A ƙarƙashinta akwai tanki, da ɗan famfo mai turo ruwan wankin ta bakin buroshi, dattin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya sake zagayowa. Mutum yana iya kwaikwayon wannan a gida ba da kashe kuɗi mai yawa ba. A sami daro na ƙarfe mai murfi, a ɗora raga a cikinsa, ta ɗan ɗaga daga gindin, don kayan su zauna bisa ragar, dattin ya sauka ƙasa. A tanadi tsohon buroshin haƙori, da gwangwani biyu, ɗaya na wankin fari, ɗaya na ɗauraya. Kafin a jiƙa komi, a fara kankare laka da busasshen giris da ɗan itace. In an gama, a rufe daron ya kwana, da safe a tsiyaye na sama a ajiye don wani aikin. Da haka kwalba biyu sai su daɗe suna yi wa mutum aiki.

To, ga maganar abin da za a zuba. Fetur yana cire maiƙo da sauri, abin da ya sa a ke son sa ke nan. Amma ba ruwan fetur ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne, shi kuwa yana tashi ko a cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Tururin nan ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa kamar ruwa, ido ba ya ganinsa, har ya iske murhu ko fitila ko guntun taba, wutar ta biyo shi zuwa kwanon. Ban da wannan, a cikin fetur akwai wani sinadari da a ke kira benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini, yana kuwa shiga jiki ta numfashi da ta fata.

Kananzir ya fi dacewa da boris da sarƙa da sauran ƙarafa masu maiƙo, don tururinsa ba ya isa kama wuta sai ya yi zafin kamar digiri 38. Amma fa a tuna, a bazara zafin Malam Madori yana wuce digiri 40. Don haka a yi aikin da sassafe, a inuwa, inda iska ke ratsawa. A kuma saye shi a wurin da aka amince da shi, gama an sha yin asarar rayuka a ƙasar nan sabo da kananzir da aka gauraya da fetur. Man gas ya fi shi wuyar kamawa, sai ya wuce digiri 50, kuma yana barin ɗan maiƙo mai hana tsatsa, sai dai ba ya saurin bushewa.

Kada a raina ruwan zafi da garin sabulu. Sun isa wanke bayan inji da soson tace iska, muddin an shanya sun bushe sarai, a shafa wa soson ɗan mai kafin a mayar. Matacin iska na takarda kuwa ba a wanke shi, kakkaɓewa a ke yi, ko a sake sabo. Sodar nan ta yin sabulu tana cin alminiyom, ga shi da shi a ke ƙera jikin injin ban ruwa, kuma tana makantarwa in ta faɗa ido. Robobin da ke cikin birkin mota su kuma kada kananzir ko fetur ko gas ya taɓa su, don kumbura za su yi, birki ya ƙi kamawa ran da a ke bukatarsa. Da man birki mai tsabta a ke wanke su. In an gama aiki, a wanke hannu da sabulu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta dattin da ya rage. A fadama ruwa yana kusa, da ɗan haƙa kaɗan a ke tarar da shi. Abin da aka zubar bayan gida ko bakin gona ba ɓacewa ya ke yi ba, gangarawa zai yi zuwa rijiyar da a ke sha, ko damina ta kwashe shi zuwa kogin da masunta ke ci da shi. A tara shi a galan mai murfi, a kai wa masu sayen tsohon baƙin mai. Kada kuma a zuba kananzir a kwalbar lemo, yara sun sha kurɓarsa suna zaton ruwa ne.

Muna roƙon malamai su ɗauki wannan bayani su kai aji. Yaran da ke gabanku yau, da yawansu ne za su tayar da injin uba a gona gobe, waɗansu kuma su shiga koyon kanikanci. Ku kuma ma'aikatan ofis, mutanen unguwa da ku su ke koyi, abin da suka ga kuna yi a ƙofar gida shi za su ɗauka daidai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da gobara, amin.