Inda Gargaɗin Tsunami Ke Maƙalewa

Da safiyar Lahadi, 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta auku a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya. Ba a yi minti ashirin ba masanan cibiyar gargaɗin tsunami da ke Hawai suka ga alamarta a na'urorinsu. Sai dai an kafa cibiyar ce domin ƙasashen Tekun Fasifik, babu wani tsari da ya haɗa ta da hukumomin da ke gaɓar Tekun Indiya. Igiyar ruwan ta yi kusan awa biyu kafin ta isa Sirilanka, inda ta kashe fiye da mutum 30,000, ta kuma yi wajen awa bakwai kafin ta afka wa gaɓar Somaliya. Mutanen lardin Aceh, waɗanda ruwan ya cim musu cikin kusan rabin awa, mai yiwuwa babu saƙon da zai riga ruwan isa gare su. Amma masuntan Hafun a Somaliya suna da awa bakwai, kuma duk da haka babu wanda ya ce musu su tashi. Kimanin mutum 230,000 ne suka rasu a ƙasashe 14. A ganina abin da ya fi yin kisa a irin wannan rana ba ƙarancin na'ura ba ne. Giɓin da ke tsakanin ofis da ofis ne, da wanda ke tsakanin ofis da mutumin da ke zaune a bakin teku, kuma babu mai ikon cike wannan giɓi sai gwamnati.

Tsunami na tasowa ne idan ƙasan teku ya motsa farat ɗaya ya ɗaga ruwan da ke samansa, galibi saboda girgizar ƙasa, wani lokaci kuma saboda zaftarewar ƙasa ko aman wutar dutse. A tsakiyar teku igiyar na gudun kusan kilomita 800 a awa, amma ba ta da tsayi, jirgin ruwa kan bi ta kanta bai sani ba. Sai ta kusanto gaɓa take rage gudu, ruwan ya taru ya miƙe. Saboda haka shirin iri biyu ne. Igiyar da ta taso daga nesa tana ba da sa'o'i, a nan aikin na cibiyoyi ne da sadarwa tsakanin ƙasashe. Wadda ta taso daga kusa mintuna take bayarwa, a nan kuwa abin da mutum ya riga ya sani shi ne zai tsirar da shi.

Bayan 2004 duniya ta yi abin da ta fi iyawa, wato sayen kayan aiki. A ƙarƙashin hukumar UNESCO aka kafa tsarin gargaɗi na Tekun Indiya, ya fara aiki a 2006. Indunusiya ta yi dokar kula da bala'o'i a 2007, ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, BNPB, a 2008, a shekarar kuma ta ƙaddamar da nata tsarin gargaɗin da taimakon Jamus. Wannan ci gaba ne, ba a musu. Amma a Yulin 2006, lokacin da tsunami ta kashe fiye da mutum 600 a yankin Pangandaran na kudancin Java, gargaɗi ya zo wa Jakarta daga Hawai da Japan, bai kai ga bakin teku ba. Shekara goma sha biyu bayan haka, ranar 28 ga Satumba, 2018, girgizar ƙasa mai maki 7.5 ta girgiza birnin Palu a tsibirin Sulawesi gab da magariba, jama'a na taruwa a bakin ruwa domin wani biki. Hukumar yanayi da girgizar ƙasa, BMKG, ta fitar da gargaɗi cikin 'yan mintuna, sai dai wuta ta ɗauke, turakun sadarwa sun faɗi, saƙon waya bai shiga ba. Ma'aunin tashin ruwa da hukumar ta dogara da shi yana can Mamuju, nesa da Palu, kuma 'yan santimita kawai ya nuna. A kwanakin ne kakakin BNPB, Sutopo Purwo Nugroho, ya shaida wa duniya cewa na'urori 22 da aka girka a kan teku domin gano igiyar sun daina aiki tun 2012, saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Wata hukuma ke riƙe da na'urorin, wata ke fitar da gargaɗi, wata ke shirya agaji, kwashe mutane kuma aikin ƙananan hukumomi ne. Kowa na da uzurinsa, kuma kusan kowane uzuri gaskiya ne.

Abin da ya faru bayan wata uku ya fi fito da matsalar fili. A daren 22 ga Disamba, 2018, gefen dutse mai aman wuta na Anak Krakatau ya rufta cikin mashigin Sunda, ya turo igiya zuwa gaɓar Java da Sumatra, fiye da mutum 400 suka mutu ba tare da ko jiniya ɗaya ta kaɗa ba. An gina tsarin gargaɗin ne a kan girgizar ƙasa, kuma babu babbar girgiza a wannan dare. Dutsen kuwa wata hukuma ce ta daban ke sa masa ido, a ƙarƙashin ma'aikatar makamashi da ma'adinai. Masu kallon dutse sun san ya shafe watanni yana aman wuta, masu kallon teku suna jiran girgiza, kuma kowa ya san cewa uban wannan dutse, Krakatau, ya tayar da igiyar da ta kashe fiye da mutum 36,000 a 1883. Ilimin yana nan, an dai raba shi gida biyu. Ba Indunusiya kaɗai ba ce. A ƙasar Chile, ranar 27 ga Fabrairu, 2010, ofishin sojan ruwa mai alhakin gargaɗi ya fitar da sanarwa sannan ya janye ta, hukumar agajin gaggawa ta shiga ruɗu, har aka kwantar wa jama'a hankali alhali igiyoyi na kan hanya. Daga baya sai da wasu jami'ai suka gurfana a gaban kotu.

Wani zai ce kiran haɗin kai tsakanin hukumomi ba ya haifar da komai sai sabon kwamiti, da taro a otel, da alawus. Wannan tsoro yana da tushe. Amma haɗin kan da nake nufi abu ne da za a iya rubutawa a takarda ɗaya: wa ke da ikon cewa a gudu, wa ke da ikon cewa a dawo, wa zai kunna jiniya idan babu wuta, kuma a kasafin kuɗin wa aka sa batirinta. Amurka ta kama wannan hanya tun 1995, lokacin da ta haɗa hukumar teku da yanayi, NOAA, da ta binciken ƙasa, USGS, da ta agajin gaggawa, FEMA, da jihohin da ke bakin teku a cikin shiri ɗaya. Masana su zana taswirar inda ruwa zai iya kaiwa, jihohi su fitar da hanyoyin gudu daga wannan taswira, garuruwa su kafa alluna su riƙa atisaye. Amfanin tsarin shi ne taswirar da ke hannun masani ita ce a bangon makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar girgiza ba ita ce ranar da jami'i zai fara neman lambar takwaransa ba.

Akwai suka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Tsibirin Simeulue yana daga cikin wurare mafi kusa da cibiyar girgizar 2004, amma cikin mutanensa kusan 78,000 bakwai kawai igiyar ta kashe. Tun bayan wata tsunami da ta afka wa tsibirin a 1907 iyaye ke gaya wa 'ya'yansu cewa idan ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, a bar komai a hau tudu. Ba gwamnati ce ta koya musu ba. To me ya sa za a ɗora wa gwamnati? Domin Simeulue ƙaramin tsibiri ne da mutanensa ba su cika sauyawa ba, labarin kaka na iya kaiwa ga jika. Birni irin Banda Aceh ko Palu cike yake da baƙi da ɗalibai da 'yan ci-rani waɗanda kakanninsu ba su taɓa ganin teku ya ja da baya ba. A irin wannan wuri makaranta da rediyo da mumbarin masallaci ne za su ɗauki aikin kaka, kuma sai an tsara hakan da gangan, an sa shi a manhaja, an maimaita shi kowace shekara.

Japan ta nuna fuska biyu na wannan magana a rana guda, 11 ga Maris, 2011. A garin Kamaishi, inda Farfesa Toshitaka Katada ya yi shekaru yana aiki da hukumar ilimi ta garin, an koya wa yara kada su dogara kacokan da taswira, kada su jira umarni, su zama na farko wajen gudu. Kusan ɗalibai 3,000 suka tsira, manya suna jan hannun ƙanana. A makarantar firamare ta Okawa da ke Ishinomaki kuwa, malamai sun tsayar da yara a fili kusan minti hamsin suna shawarar inda za a nufa, ga tudu a bayan makarantar. Yara 74 cikin 108 suka salwanta, tare da malamai 10. Babbar kotun Sendai ta yanke hukunci a 2018 cewa laifin ya faro tun kafin ranar, domin ba a fayyace wurin gudu a tsarin makarantar ba, hukumar ilimi kuma ba ta sa an gyara ba. Ƙasa ɗaya ce, gargaɗi ɗaya suka samu.

Saura masu ganin katanga ta wadatar, da masu tsoron gargaɗin da ba ya tabbata. Katanga na da amfani: ƙofar ruwa mai tsayin mita 15.5 ta kare ƙauyen Fudai a 2011. Amma ta Taro, mai mita 10, wadda ake alfahari da ita, ruwa ya haye ta. Gargaɗin farko na hukumar yanayi ta Japan ya yi hasashen mita 3 a lardin Iwate, wasu suka ga katangarsu ta fi haka suka zauna. Shi ya sa tun 2013 hukumar ba ta ambaton adadi a sanarwar farko idan girgizar ta yi girma ƙwarai, sai ta ce igiyar gagaruma ce. Shi kuma gudun da ya tashi a banza, gaskiya ne yana gajiyar da mutane, yana tsayar da kasuwa, amma a cikinsa ake gano ɓaraka ba tare da an biya da rai ba. Ranar 11 ga Afrilu, 2012, girgiza mai maki 8.6 ta sake tayar da Banda Aceh. Babbar igiya ba ta zo ba, amma titunan birnin sun cushe da motoci da babura, dogayen gine-ginen mafaka da aka gina bayan 2004 kuma mutane kaɗan ne suka hau su, domin jama'a sun fi yarda da nisantar teku a kan hawa bene a kusa da shi. An yi ginin, ba a gama shawo kan waɗanda aka yi dominsu ba, kuma hakan aiki ne da ya haɗa ma'aikatar ayyuka da ta ilimi da 'yan sandan hanya da masu unguwanni. UNESCO ta sa wa duniya burin cewa zuwa 2030 duk al'ummar da ke cikin haɗarin tsunami ta kasance a shirye, kuma cikin sharuɗɗan da take dubawa kafin ta amince da gari akwai taswirar gudu a bainar jama'a, da hanya fiye da ɗaya ta karɓar gargaɗi da isar da shi dare da rana, da atisayen gari aƙalla sau ɗaya a shekara biyu.